Hotunan da na ɗauka a ƙarƙashin ruwa duk sun fito shuɗi, wane saiti zan gyara?

Sabon Shiga

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa da suka riga ni shiga wannan harka, ku agaza mini. Makon jiya na yi nutso sau huɗu a Bahar Maliya da 'yar kyamarata, Canon G7 X Mark III, a cikin kwansonta mai hana ruwa shiga. Wallahi abin da idona ya gani a ƙasa daban, abin da kyamarar ta kawo daban. Akwai wani murjani mai taushi da muka tsaya a kansa a zurfin mita 14, jagoranmu ya dalle shi da tocila, sai ga shi ja wur kamar garwashi. Na ɗauke shi har sau shida. Da na buɗe a kwamfuta, sai na gan shi toka-toka cikin shuɗi kamar an tsoma shi a ruwan bula. Waɗanda na kunna wa filashin kyamarar kuma sun cika da ɗige-ɗigen fari, ko kifin ba a gani sosai. A kan saitin da ke zaɓar komai da kansa na bar ta. Me zan canja?

Tsohon Hannu

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kyamararka lafiyarta ƙalau, ruwan ne ya shanye launin. Hasken rana ba ya isa ƙasan teku yadda ya shiga. Ja ne ke fara mutuwa, kafin ka wuce mita 5 mafi yawansa ya tafi. Ruwan goro ya bi bayansa wajen mita 10, rawaya wajen mita 20, sannan kore, shuɗi ne kaɗai mai dogon numfashi. Idonka da ƙwaƙwalwarka suna cike maka giɓin ba tare da ka sani ba, ita kuwa kyamara abin da ya iso gare ta shi take rubutawa.

Abin da nake yi shekara da shekaru shi ne daidaita fari da hannu. Ka sauka da ɗan farin allo na roba. Idan ka kai zurfin da za ka yi aiki, ka miƙa shi gaban kyamarar yadda hasken sama zai faɗo a kansa, ka gaya mata wannan shi ne fari. A wasu kyamarorin maɓalli ɗaya ne, a wasu kuma sai ka ɗauki hoton allon tukuna, sannan ka shiga saiti ka nuna mata shi. In babu allo, farin yashi ma yana yi. Duk lokacin da ka sauka ko ka hau kamar mita 3, sake yi. Filashin cikin nan kuwa ka kashe shi. Rana ta kasance a bayanka, kuma ka nemi shiga ruwa tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, lokacin da hasken ke saukowa a miƙe. Ka sa kyamarar a kan Tv, saitin da kai ke zaɓar saurin ƙyaftawa, wato tsawon lokacin da idonta ke buɗewa, kada saurin ya yi ƙasa da 1/125 na daƙiƙa, domin kai kana motsi, kifi yana motsi, ruwan ma yana rausaya ku duka.

Mai Filashi

Baba Tsohon Hannu, ina girmama ka, amma a nan ban bi ka ba. Bawan Allah ya ce mita 14. Daidaita fari ba ya ƙirƙiro jan da babu, ɗan ragowar da ke nan yake tunzurawa. A mita 6 ko 8 na yarda, abin yana yin kyau ƙwarai. A mita 14 kuwa, idan ka matsa wa kyamara ta nemo ja, sai hoton ya yi ƙwaya-ƙwaya, ruwan baya ya koma wani irin shunayya mara daɗin gani, murjanin kuma ya tsaya ƙasa-ƙasa. Shi da kansa ya ba mu amsar a cikin tambayarsa: da aka haska da tocila ja ya fito. Launin yana jikin murjanin, hasken da zai nuna shi ne ba ya wurin. Dole ka sauka da naka hasken.

Tun farkon wannan sana'a haka abin yake. Hoton launi na farko da aka ɗauka a ƙarƙashin teku, William Longley da Charles Martin ne suka yi shi a 1926 a Dry Tortugas, gefen Florida a Amurka, kuma sai da suka tayar da garin maganiziyam a kan wani abu da ke yawo a saman ruwa domin walƙiyarsa ta haska ƙasa. Mujallar National Geographic ta buga shi a 1927. Yau ɗan filashin waje da bai fi dunƙulen hannu ba yana yin wannan aikin.

Malamar Nutso

Kafin ku yi nisa. Ƙanena, nawa ne tsakaninka da murjanin lokacin da ka danna? Kuma nutso nawa ka yi gaba ɗaya tun da ka karɓi takardar shaida?

Sabon Shiga

Malama, a ganina kamar mita biyu. Ban so in matsa ba don tsoron kada in taɓa shi. Nutso kuma duka-duka 11 na yi.

Ɗalibin Kimiyya

In ka ga kamar mita biyu, to ya fi haka. Haske yana lanƙwasa idan ya fito daga ruwa ya shiga iskar da ke cikin gilashin fuskarka, shi ya sa abu ke bayyana kusa da kai da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, kuma ya ƙara girma da kusan kashi ɗaya cikin uku. Abin da ka ɗauka mita biyu ne ya doshi mita biyu da rabi, ko ma ya ɗara. Haka nan shimfiɗaɗɗen gilashin gaban kwanson yake yi wa idon kyamara. Taka mai faɗin milimita 24 ce a sama, a ƙasa takan koma kamar 32. Sai mutum ya ga abin bai shiga hoto ba, ya ja da baya, nan kuma aka ƙara ɓata aiki.

Wani abu da mutane ke mantawa: ruwa bai damu da ko hasken a tsaye yake tafiya ko a kwance ba. Hasken rana ya ratsa mita 14 ya iso murjanin, sannan ya sake ratsa mita biyu da rabi ya iso gare ka. Na filashi ma zuwa da dawowa yake yi. Abin da ke nesa da mita biyu da rabi, hasken ya yi tafiyar mita 5 ke nan, jan ya mutu a hanya. Don haka ko filashin da Yaya Mai Filashi ke magana a kai ba zai cece ka daga wannan nisan ba.

Mai Filashi

Gaskiya ne, ban musa ba. Ni a wurina iyakar filashi tsawon hannu ne, in an matsa mita ɗaya da rabi. Kuma nan ɗige-ɗigen fari suka samo asali. Ruwan teku cike yake da ƙura da ƙananan halittu da ido ba ya lura da su. Filashin cikin kyamara yana dab da idonta, to duk ƙurar da ke tsakaninka da abin da kake ɗauka sai ya haska ta gaba da gaba, ta mayar da hasken kai tsaye cikin idon. Kamar mai mota ne da ya kunna babbar fitila cikin hazo. Yawan nisa, yawan ƙura. Filashin waje ana ɗora shi a kan hannu mai gaɓoɓi, a kai shi gefe da sama, wajen ƙarfe 10 ko 2 na fuskar agogo, a ja shi baya kaɗan da gilashin kwanson, a ɗan karkata kansa waje. Gefen hasken ne zai shafi kifin, ruwan da ke gaban ido kuma ya zauna a duhu.

Ga inda nake farawa da irin kyamararka. Ka juya ta zuwa M, saitin da kai ke zaɓar komai da hannu. ISO, wato yadda kyamara ke saurin jin haske, ka bar shi a ƙasa, 125. Ƙofar haske, wato ramin da haske ke shiga ta idon kyamara, f/5.6, in abin ƙarami ne kuma kana dab da shi f/8. Kada ka cika zuwa f/11, domin a kan sensa (faifan da ke karɓar haske a cikin kyamara) mai inci ɗaya irin taka hoton yakan fara rasa kaifi. Saurin ƙyaftawa 1/125. Daga nan ka riƙe abu ɗaya a ranka: haske biyu ne a cikin hotonka. Na gaba, wato kifi ko murjani, filashi ne ke haska shi, kuma ƙarfin filashin da ƙofar haske su ke da iko da shi. Na baya, wato shuɗin ruwa, rana ce ke haska shi, saurin ƙyaftawa ke juya shi. Walƙiyar filashi ta fi ƙyaftawar gajarta nesa ba kusa ba, don haka in ka canja sauri, gaban ba ya canjawa. A 1/60 ruwan ya yi shuɗi mai haske, a 1/250 ya yi duhu mai kyau, a 1/1000 ya kusa zama baƙi. Nan ƙananan kyamarori suka fi manya gata. Yawancin manyan suna tsayawa a 1/200 ko 1/250 in da filashi, irin taka kuwa tana bin filashi har 1/1000 da ma gaba.

Tsohon Hannu

Na ji bayaninka ɗana, kuma a kan wancan murjanin kai ke da gaskiya. Amma ba komai ake ɗauka a tsawon hannu ba. Garken kifi da ya rufe sama, ko kunkurun ruwa da ke wucewa can gefe, ko jirgin da ya nutse, wane filashi ne zai kai gare su? Ka ɗauki Thistlegorm, jirgin Ingila da aka nutsar a Bahar Maliya a 1941, yana kwance a zurfin kusan mita 30. In kana son siffar jirgin ta fito, sai ka kashe filashi, ka buɗe ƙofar haske, ka ɗaga ISO zuwa 400, ka yi aiki da hasken da Allah ya saukar. Da yawa daga cikin hotunan jirage da suka fi burge ni ma baƙi da fari ne. Wanda bai koyi karanta hasken rana a ruwa ba, ko an ba shi filashi biyu, bayan hotonsa zai riƙa fitowa ko dai fari fat ko baƙi ƙirin bai san dalili ba. Shi ya sa na ce ya fara daga nan, a ruwa mara zurfi.

Malamar Nutso

Ku biyun duk kun ba shi ilimi, amma ni nutso 11 ɗin nan ne ya tsaya mini. Thistlegorm ma ba nasa ba ne yanzu, mai takardar farko iyakarsa mita 18.

Ƙanena, ka ce ba ka matsa ba don tsoron taɓa murjani. Wannan tsoron alheri ne, ka riƙe shi. Sai dai yana nuna cewa har yanzu ba ka iya tsayawa cak a tsakiyar ruwa ba, kuma duk saitin da aka lissafa maka a sama yana bukatar mutum ya iya kai kyamara taƙi biyu daga abu, ya tsaya, ya danna, ya ja da baya ba tare da ya dafa komai ko ya tayar da yashi da ƙafa ba. Taura biyu ba ta taunuwa. Na sha ganin ɗalibi ya kafa ido a fuskar kyamara yana neman wani maɓalli, yana ta hawa sama bai sani ba, abokin nutsonsa ya yi nisa, bai duba ma'aunin iska ba tun da ya sauka. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne riƙe numfashi domin hoto kada ya yi rawa. Iskar da ke cikin huhu tana faɗaɗa idan ka hau, kuma a mita 10 na sama canjin ya fi tsanani, domin a nan nauyin ruwa ke ninkawa. Ka danna a ƙarshen fitar da numfashi a hankali, kada ka toshe maƙogwaro. Ka duba iska bayan kowane abu da ka ɗauka, in ma'aunin ya sauka zuwa bar 50 ya zama kana hanyar fita, kuma tsayuwar minti uku a mita 5 ba a yafe ta don wani kifi.

Shawarata, ka yi nutso biyar ko shida babu kyamara. Sannan ka shiga kwamin ninkaya da ita, ka koyi maɓallan kwanson har yatsanka ya san su ido rufe.

Mai Son Ƙanana

Malama ta gama magana. Ni ina da tambaya a gefe. Tawa Olympus TG-6 ce, babu M a jikinta, to yaya zan bi wannan lissafin na haske biyu?

Mai Filashi

'Yar'uwa, ki sa ta a kan A, saitin da ke kike zaɓar ƙofar haske. In ba ki zuƙo ba, ƙofa uku kawai take ba ki, f/2 da f/2.8 da f/8. Ki kafe ISO a 100. Tunda ba ki da iko da sauri kai tsaye, sai ki rage ma'aunin haske zuwa -0.7 ko -1, ruwan baya zai yi duhu, filashi ya cike gaban. Amma ƙarfin wannan kyamarar yana wurin ƙananan abubuwa. Saitinta na kusa-kusa yana kama abu daga santimita ɗaya, kuma a irin wannan kusancin babu ruwa mai yawa tsakaninku, launi yana fitowa tsaf ko da tocila ce mai kyau. Ki tuna ita kaɗai mita 15 take jurewa, sai da kwansonta take kai 45.

Mai Son Ƙanana

Na gode Yaya. Haka ne kuwa, hoton da na fi so cikin nawa wani ɗan jatan lande ne da bai kai farcen yatsa ba, jikinsa garau kamar gilashi, har ƙwan da ke cikinsa ana gani. Minti biyar na yi a gabansa kafin ya fito daga ɓoye. Abin da na koya shi ne in sa wurin kama hoto a ɗigo ɗaya na tsakiya, in ɗora shi a kan idon abin da nake ɗauka. In ka bar kyamara ta zaɓa, sai ta kama dutsen baya ko ƙurar gaba.

Ɗalibin Kimiyya

Ba wanda ya ambaci RAW, wato ajiye hoto ɗanye yadda kyamara ta gan shi, kuma a ganina shi ne saiti na farko da ya kamata Sabon Shiga ya canja. JPEG, tsarin da kyamara ta saba ajiye hoto da shi, mataki 256 kawai yake ajiyewa a kowane launi, kuma kyamara ta riga ta yanke hukunci a kan farin, ta zubar da sauran. RAW yana ajiye dubbai. In ka dawo gida, ka taɓa wani wuri mai launin toka ko yashi a cikin hoton, launuka su daidaita. Da haka ba sai kana fama da allo kowane mita 3 ba, hankalinka ya koma kan numfashinka kamar yadda Malama ke so.

Tsohon Hannu

RAW ɗin ina ɗauka, amma allona ban ajiye ba. Idan na daidaita fari a ƙasa, abin da nake gani a fuskar kyamara ya fi kusa da gaskiya, nan take nake sanin ko hoton ya yi. Bidiyo kuma ba shi da wannan gatan a waɗannan kyamarorin, abin da ka ɗauka shi ke nan. Tunda an zo nan, jar matata da ake maƙalawa a gaba tana taimakawa a shuɗin ruwa, a koren ruwa kuma mai launin shunayya-ja ake sawa. Tana rage haske dai, kuma kada a kuskura a haɗa ta da filashi, komai zai fito ja kamar an watsa masa jini. Haka ma in ka daidaita fari da allo sannan ka kunna filashi. Mai amfani da filashi ya bar farin a kan saitin hasken rana ko na kai-da-kai.

Fuskar kyamara ma tana ruɗi. A duhun ruwa takan yi haske fiye da kima, ka fito ka tarar hoton ya yi duhu. Ka kunna ɗan zanen nan mai kama da tsauni da ke nuna rabon haske, in ya taru duk a hagu ka ƙara, in ya manne a dama ka rage.

Ɗan Jirgin Ruwa

Ku bar ni in sa baki a kan abin da ba saiti ba amma yana kashe kyamara. Na rasa guda ɗaya saboda silin gashi ɗaya tak. Na rufe kwanson cikin gaggawa a kan jirgi, iska na kaɗawa, ban duba zoben robar da ke hana ruwa shiga ta bakin murfin ba. A mita 4 na ga wani siririn ruwa yana gangarowa ta cikin gilashin. Na juya idon kyamarar ƙasa na fara hawa a hankali, amma kafin in fito ruwan gishiri ya taɓa batir. Da na buɗe, ga gashin nan kwance a kan zoben. Tun ranar a ɗaki nake rufewa, ƙarƙashin fitila mai haske. In cire zoben, in goge ramin, in shafa man silikon kaɗan yadda zai yi sheƙi kawai, domin man ba ya tare ruwa, in ya yi yawa ma yashi yake kamawa. In saka ƙullin silika guda don kada gilashi ya yi raɓa, in tabbata bakin ƙullin bai shiga murfin ba. Kada ka bar kwanson a rana, ka rufa masa jiƙaƙƙen tawul. Kada ka yi tsalle cikin ruwa da kyamara a hannu, ka shiga tukuna a miƙo maka. Bayan fitowa ka jiƙa shi a ruwan daɗi kana danna maɓallan ɗaya bayan ɗaya.

Sabon Shiga

Na dawo da labari bayan mako biyar. Malama, na bi maganarki, nutso shida babu kyamara, sannan kwami sau uku. Jiya na sauka mita 7 da farin allo kamar yadda Baba ya ce, RAW, 1/160, rana a bayana. Na samu wani kifi mai ratsin rawaya daga kamar taƙi uku, launinsa ya fito har na kira mutanen gida su gani. Allah ya saka muku da alheri. Sai dai na ari filashin waje na haɗa da wayar da ke kai masa walƙiyar filashin ciki, ina ganin yana walƙiya da idona, amma hoton yana fitowa duhu kamar bai yi ba.

Mai Filashi

Madalla ƙanena. Wannan matsalar walƙiyar gwaji ce. Idan filashin cikin kyamara yana kan auna haske da kansa, sau biyu yake yi, ƙarama ta gwaji sannan ta gaske, ido ba ya raba su. Filashin wajen ya bi ta farkon ya juye ƙarfinsa, lokacin da ƙofa ta buɗe ba shi da komai. Tunda Canon ce kuma kana kan M, shiga saitin filashi ka mayar da shi na hannu, ka sa shi a mafi ƙarancin ƙarfi. Walƙiya ɗaya zai riƙa yi, batir zai daɗe, kuma ba za ka yi ta jira tsakanin hoto da hoto ba. Sannan a jikin filashin wajen ka zaɓi alamar walƙiya ɗaya. Masu Sony RX100 ba su da zaɓin mayar da filashin ciki na hannu, su dole su bar na wajen a kan jiran ta biyu. Ka gwada a ɗaki tun kafin ka je ruwa: tsaya gaban madubi ka ɗauka, in ka ga hasken filashin wajen a cikin hoton, sun daidaita. Ka kuma duba kada hasken filashin ciki ya riƙa tsiyaya ta gefen inda wayar ta shiga, in yana fita ka toshe da baƙin tef.

Sabon Shiga

Na gwada yanzun nan a madubi. Da farko duhu, da na mayar da shi na hannu na juya maɓallin wajen, sai ga hasken a cikin hoton. Asabar zan koma wurin jan murjanin nan, f/5.6, 1/125, kuma wannan karon daga tsawon hannu.

Malamar Nutso

Allah ya kai mu. Filashi da hannunsa za su canja maka nauyi a ruwa, don haka ka gwada tsayuwarka a kan yashi a mita 5 kafin ka doshi murjanin, kuma ka gaya wa abokin nutsonka tun a sama cewa za ka daɗe a wurin.